Begen Wanda Bai San Ki Ba: Darasi Kan Waƙoƙin Soyayya Da Son Mawaƙa

  

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a ajina, a Islamiyyar da nake koyarwa a nan cikin garin Sakkwato. Wata Asabar da safe ɗaya daga cikin ɗalibaina, yarinya 'yar kimanin shekara 15 wadda ba ta taɓa ba ni matsala wajen hadda ba, ta zo idanunta a kumbure. Na ce ta kawo hadda, ta kasa haɗa aya biyu. Da aka tashi na tsayar da ita, na ce, “Mi as same ki, ɗiyata? Rasuwa anka yi?” Ta girgiza kai. Ƙawarta da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, “Malama, amre yay yi.” Na ɗauka wani saurayi ne na unguwa ya yaudare ta. Ashe wani mawaƙi ne da ke zaune wani gari mai nisa, wanda ba ta taɓa gani ba sai a cikin wayar yayarta. Kwana biyu ke nan ba ta ci abincin kirki ba.

Dariya ta taso mini, sai na haɗiye ta, domin na tuna ranar 1 ga Janairu, 2007, ranar da ɗan wasan fim Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota, Allah Ya jiƙan sa. Ina sakandare a lokacin, kuma ina cikin waɗanda suka yi kuka kamar an yi mutuwa a gidanmu. Saboda haka, 'yar'uwa, duk abin da zan faɗa a nan, wadda ta taɓa ɗanɗana abin ce take faɗa miki.

Tun farko bari in ajiye magana ɗaya a gefe. Hukuncin kiɗa da kayan kiɗa magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma kowace daga cikinmu ta san malamin da take tambaya. Ni abin da nake so mu duba shi ne kalmomin da waƙoƙin ke ɗauke da su, da irin karatun da suke yi wa zuciyar yarinya tun ba ta san ana karantar da ita ba.

Daga dandali zuwa cikin waya

Waƙar soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun yi gaɗa a dandali, sun yi waƙar niƙa da ta daka, kuma akwai so a ciki. Sai dai so ne mai lulluɓi. Mace ba ta ko kiran sunan mijinta, balle ta tsaya gaban jama'a ta ce za ta mutu a kansa. Sauyin ya biyo ta finafinan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a silima, sannan finafinan bidiyo na Hausa da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya, waƙar saurayi da budurwa da kiɗan fiyano ta zama ita ce ke sayar da fim. Mujallu irin su Tauraruwa da Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, suka kawo mana hotunan 'yan wasa da labarin aurensu da rabuwarsu. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa, yau kuma YouTube da TikTok. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker suka zama taurari da kansu, ba sai sun raɓu da fim ba. Kina iya tuna 2020, lokacin kullen korona, yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suka riƙa yi wa mazansu rawa suna sakawa a intanet, har abin ya zama abin muhawara.

A da sai an je gidan biki ko an kunna rediyo a tsakar gida kowa yana ji. Yanzu waƙar tana cikin kunnen yarinya ita kaɗai, ƙarƙashin hijabi, tana wanke-wanke, tana kan kabu-kabu, tana kwance da dare. Uwa ba ta san me ake faɗa wa ɗiyarta ba.

Me waƙar take cewa?

Mako guda bayan abin da na ba ki labari, na yi wa 'yan ajin wani gwaji. Na ce kowace ta rubuto mini kalmomin waƙar soyayyar da ta fi so a takarda, kada ta sa sunanta. Suka yi ta noƙewa, daga baya takardu suka taru. Na karanta musu a fili, ba kiɗa, ba rerawa, da muryar da nake karanta Ahalari. Aji ya kaure da dariya, can kuma ya yi tsit.

Ba duka ne suka munana ba, gaskiya. Akwai masu yabon hali, da alkawarin aure, da haƙuri da juna, waɗanda ba zan ji kunyar a rera su gaban uwata ba. Amma mafi yawan takardun magana ɗaya suke maimaitawa ta fuskoki daban-daban. Masoyi ba ya ci, ba ya barci, ciwon zuciya ya kama shi, likita ya kasa. Wadda yake so ita ce numfashinsa, ita ce rayuwarsa, idan ta juya baya kabari ne makomarsa. Ya zama bawanta, ta yi yadda ta so da shi. A wasu kuma maganar takan juye: ke tawa ce ko kina so ko ba ki so, duk wanda ya raɓe ki zai gani, zan bi ki duk inda kika shiga. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, wallahi in da kiɗi ba haka take ba.” Na ce ai shi ya sa na cire kiɗan.

Ki lura da kalmar bege. Mu nan mun tashi mun ji ana cewa mabegi, ana nufin mai waƙar ƙaunar Manzon Allah (SAW). Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙin begen Annabi da kewar Madina, Aliyu Namangi na Zariya ya yi Imfiraji, ana karanta Ishiriniya a zaurukanmu. Kalmomin da aka tanada domin wannan matsayi, na miƙa wuya da ƙasƙantar da kai da rashin ganin kowa sai abin ƙauna, su ne aka kwaso aka zuba a kan saurayi da budurwa.

Malam Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi magana mai tsawo kan wannan ciwo a littafinsa Adda'u Wad-Dawa'u, wato cuta da magani. Ya nuna so hawa-hawa ne. Yana farawa da zuciya ta rataya ga mutum, ya yi ta hauhawa har ya kai ishƙi, son da ya wuce iyaka, matakin ƙarshe kuma shi ne wanda mai so yake zama bawa ga abin da yake so. Wannan mataki na ƙarshe bai dace da kowa ba sai Allah (SWT). A Suratul Baƙara, aya ta 165, an ba da labarin mutanen da suke riƙon wasu a matsayin kishiyoyin Allah, suna son su irin son da ya kamata a yi wa Allah. Ban ce duk yarinyar da ta rera waƙa ta yi shirka ba, Allah Ya tsare ni da wannan magana. Abin da nake cewa shi ne harshe yana saba wa zuciya. Abin da kika maimaita sau ɗari kina shara, wata rana shi za ki ɗauka ma'aunin so, har ki raina mijin da yake ciyar da ke yana mutunta ki, don bai taɓa cewa zai mutu a kanki ba.

Ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na biyun, inda ake nuna naci da bibiya da kishi mai zafi a matsayin alamar so na gaskiya. Wannan ba a wajenmu kaɗai yake ba. A 1983 wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila mai suna The Police ta fitar da waƙar da ta zagaya duniya, wadda a cikinta wani yake gaya wa matar da ta rabu da shi cewa idonsa yana kan duk motsinta. Sting, wanda ya rubuta ta, ya sha faɗa cewa waƙar kishi ce da sa ido, amma Turawa suka riƙa sa ta a bikin aure suna ɗaukar ta waƙar ƙauna. Masu kallon Indiya kuma sun san fim ɗin Darr na 1993, inda Shah Rukh Khan ya fito a mai bin wata yarinya da ba ta son sa har ya kai ga kisa, amma 'yan kallo da yawa shi suka fi tausaya wa. A Kano, a 2022, wani mutum ya kashe budurwar da yake cewa yana so a cikin gidan iyayenta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2024. Ba waƙa ce ta ba shi wuƙa ba. Amma yarinyar da aka koya wa cewa mai tsananin so shi ne wanda ba ya jin “a'a”, yaya za a yi ta gane haɗari idan ya tsaya a ƙofar gidansu yana sallama?

Barira da Mugisu

Addininmu bai ce so laifi ba ne. Ibnu Majah ya ruwaito hadisin da ke nuna babu abin da ya fi dacewa da masoya biyu kamar aure, kuma Suratur Rum, aya ta 21, ta ambaci ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Amma ga wata ƙissa da ke cikin Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Abbas (RA), wadda nake ganin ya kamata kowace budurwa ta san ta.

Barira baiwa ce da Nana A'isha (RA) ta saya ta 'yanta. Mijinta Mugisu bawa ne. Da ta samu 'yanci sai shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah (SAW) ya gani, har ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke yi mata da irin ƙin da take yi masa. Ya tausaya, ya yi wa Barira magana ko za ta koma. Ta tambaya ko umurni ne. Ya sanar da ita cewa ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙata. Maganar ta tsaya a nan.

Ki duba da kyau, 'yar'uwa. Ba a yi wa Mugisu dariya ba, ba a ce masa ya ji kunya namiji yana kuka ba. An ɗauki ciwonsa da muhimmanci har shugaban halitta ya shiga tsakani. Amma hawayensa bai zama hujja a kan Barira ba. Da mawaƙin yau ne ya samu wannan labari, da Barira ce azzaluma marar tausayi, da kuma an ƙare waƙar da gawar Mugisu a ƙofar gidanta. A Madina kuwa, matar da jiya baiwa ce ta ce a'a a gaban Annabi (SAW), aka bar ta da a'arta.

Idan mawaƙin ne ya zama masoyin

Mu koma kan ɗalibata. Ita matsalarta ta wuce kalmomin waƙa, ta koma kan mai waƙar.

Kambama gwani tsohon abu ne a ƙasar nan tamu. Ɗan Anace ya wasa Shago har sunansa ya wuce fagen dambe, Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. To amma a can makaɗi yana wasa wani ne, jama'a su ji su watse. Yanzu mawaƙin shi ne gwanin, kuma yana kallon cikin kyamara yana cewa “ke”. Yarinya tana ɗaki ita kaɗai da abin ji a kunne, muryar tana shiga kamar raɗa. Ta san abincin da yake so, ta san motarsa, ta ga ɗakinsa a Instagram, ta san ranar haihuwarsa. Shi kuwa ko a hanya suka haɗu bai san ta ba.

Abin mamaki, malaminmu Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya riga ya taɓo wannan a littafinsa Ɗauƙul Hamama. Ya ware babi kan wanda ya kamu da son mutum ta hanyar jin siffarsa kawai ba tare da ya gan shi ba, har da wanda ya kamu da son wadda ya gani a mafarki, ya nuna gini ne marar tushe, domin mai son shi ne yake ƙera surar da kansa a cikin zuciyarsa. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan yadda masu sauraron rediyo da kallon talabijin suke jin kamar sun shaƙu da wanda ke magana a ciki, shaƙuwar da gefe ɗaya ne kawai ya san da ita. Kaɗan daga cikin wannan kowa yana da shi, ba ciwo ba ne. Yana zama ciwo idan ya hana ci, ya hana karatu, ya sa a yi gaba da ƙawa don ta kushe gwani, ko a zagi matar da ya aura a ƙarƙashin hotonta.

Su kansu mawaƙan duniya sun ji tsoron abin har sun mayar da shi waƙa. A shekara ta 2000 Eminem na Amurka ya yi waƙar Stan, labarin wani masoyinsa na ƙirƙira da yake ta aiko masa da wasiƙu, da bai ga amsa ba ya fusata, ya jefa motarsa cikin kogi da shi da budurwarsa mai ciki. Sunan ya bazu har ƙamusun Oxford ya shigar da shi a 2017 da ma'anar mai son tauraro fiye da kima. A zahiri kuma, John Lennon, mawaƙin Ingila, wanda ya harbe shi a birnin New York ranar 8 ga Disamba, 1980, mutum ne da ya karɓi sa hannunsa a kan faifai 'yan sa'o'i kafin nan. Mawaƙiya Selena kuwa, matar da ta shugabanci ƙungiyar masoyanta ce ta harbe ta a jihar Texas a 1995, tana da shekara 23. Ke nan wannan irin so ko wanda ake yi wa bai tsira daga sharrinsa ba. Mawaƙanmu mutane ne masu iyali, suna neman abincinsu, da yawansu ma sun sha fitowa suna gargaɗi kan masu buɗe shafuka da sunansu suna cutar jama'a.

Nan ne kuma asarar dukiya da mutunci take shigowa. A 2022 wani bawan Allah ya kai jaruma Hadiza Gabon ƙara a kotun shari'ar Musulunci a Kaduna, ya ce ta yi masa alkawarin aure, ya kashe kusan naira 400,000 a kanta. Ita kuwa ta shaida wa kotu ba ta taɓa sanin sa ba. Wannan babban mutum ne mai hankalinsa. To ina ga yarinya 'yar shekara 15 idan saƙo ya shigo mata da hoton gwaninta, ana ce mata ita ce aka zaɓa cikin dubu, ta turo katin waya, ta turo hotonta ba hijabi, kada ta faɗa wa kowa?

Idan na ga bango cike da hotunan taurari, ko fuskar wayar yarinya, nakan tuna bayanin Ibnu Abbas (RA) kan sunaye biyar da ke Suratu Nuh, aya ta 23: Wadda da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Mutanen kirki ne da jama'arsu suka so, da suka mutu aka kafa surorinsu a wuraren zamansu don tunawa, sai da zamani ya shuɗe ilimi ya gushe aka bauta musu. Waɗannan fa salihai ne. Akwai kuma hadisin Buhari da Muslim da ke sanar da mu cewa mutum yana tare da wanda yake so, wanda Anas (RA) ya ce sahabbai sun yi matuƙar farin ciki da jin sa. Nakan tambayi 'yan ajina: wa kike so a tashe ki tare da shi?

To, mi za mu yi?

Na san abin da yawancinmu muke yi: a ƙwace waya, a yi faɗa, wani lokaci har da bulala. Wayar ƙawa tana nan, kuma waƙar ta riga ta zauna a ka. Mu 'yan Sakkwato muna da misali a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, da ta ga matan karkara sun shaƙu da waƙe-waƙen bori, sai ta tsara musu waƙoƙin ilimi da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajoji suna kai su ƙauyuka, 'Yan Taru suna haddacewa suna rerawa a bakin aiki. Ta san zuciyar mace ba ta zama wofi. Ita kanta ta so mutane ƙwarai, ta yi waƙoƙin makokin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha, kuma baƙin cikinta bai fitar da ita daga iyaka ba.

Ki zauna da ɗiyarki, ki ce ta sa miki waƙar da ta fi so. Ki daure ki saurara har ƙarshe ba tare da kin yamutsa fuska ba. Sannan ku rubuta kalmomin, ku karanta tare, ki tambaye ta: in wani ya zo zaure ya faɗa miki wannan da bakinsa, daɗi za ki ji ko tsoro? Ki ba ta labarin wanda kika taɓa so kina yarinya, domin ta san ke ma mutum ce. Ki gaya mata ƙarara cewa duk saurayin da ya ce zai kashe kansa ko ya illata ta idan ta ƙi shi, maganar ta wuce soyayya, a sanar da babanta ko yayyenta a ranar. Idan kuwa kin ga ta daina ci, ta daina barci, tana ware kanta, ko tana ambaton mutuwa, to a haɗa addu'a da ganin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware kusa da mu, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ita ɗalibar tawa, na je gidansu na samu innarta muka yi magana a ɗaki, na roƙe ta kada a dake ta kuma kada a mayar da ita abin tsokana a gidan. Na ba ta aikin koya wa 'yan ƙaramin aji ƙissar Barira, ta tsara ta da kanta ta rera musu. Ta ɗauki kusan wata guda kafin haddarta ta dawo daidai. Har yanzu tana jin waƙoƙinsa, ban ruɗi kaina ba. Amma kwanan baya ta same ni bayan an tashi, ta ce akwai wata sabuwa da ta fito, ta rubuta kalmomin ta karanta, baiti na biyu bai yi mata ba.